Yadda Ake Ƙiyasta Sauran Kwanan Fiffiken Injin Tobain Kafin Ya Karye

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke a hannunsa, alhali da ja ya yi ba zai iya tsinka ta ba, ya riga ya ga abin da injiniyoyi suke kira gajiyar ƙarfe. Nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a tashi ɗaya ba, idan yana zuwa yana komawa sau dubbai ko miliyoyi, yakan buɗe 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, tsagar ta riƙa ci a hankali har ranar da ragowar ƙarfen zai kasa. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya tabbatar da haka da gwaje-gwajen da ya yi a kan sandunan ƙafafun taragai, kuma jadawalin da ya samo asali daga aikinsa, wanda yake nuna sau nawa ƙarfe zai jure wani matsi kafin ya karye, shi ake aiki da shi har yau.

A nan Kano injin tobain, wato injin da tururi ko iskar gas mai zafi ke tura fukafukansa su juya, ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Tobon da ke jikin manyan janaretocin dizal na Sharada da Challawa da Bompai, wato na'urar da hayaƙi yake juyawa ta ƙara wa inji iska, ƙaramin tobain ne, wasu masana'antu suna juya injinan tururi, jiragen da ke sauka a filin Malam Aminu Kano da tobain suke tashi, kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, idan ya iso zai jawo injinan gas cikin gari. Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe shi ne fiffiken injin tururi mai juyawa sau 3,000 a minti, wato gudun da ya dace da lantarkin ƙasar nan mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Alƙaluman misalin na koyarwa ne, kowa zai sa na injinsa a madadinsu.

Mataki na farko ba ya bukatar kalkuleta, amma shi ne ya fi wahalar samuwa, wato tattara tarihin injin. Ana bukatar sanin awannin da ya yi yana aiki, da sau nawa aka tashe shi, a rarrabe tashin da aka yi inji yana da sanyi da wanda aka yi yana da ɗumi, da sau nawa ya faɗi da kansa, wato ya mutu farat ɗaya, yana ɗauke da lodi, da sau nawa aka gwada shi a gudun da ya wuce ƙa'ida, da lokutan da aka ga jijjiga ta ƙaru. Sannan a nemo takardar masu ƙera injin domin a san ainihin ƙarfen fiffiken. Yawancin fukafukan injin tururi ƙarfe ne mai kuromiyam kashi 12 cikin 100, wasu dogayen na layin ƙarshe kuma titaniyam ne, na injin gas da na tobo kuwa haɗin nikel ne mai jure zafi. Na taɓa neman littafin aiki a wata masana'anta, aka miƙo mini littafi mai tsabta, an cika awannin kowace rana ba fashi, amma babu faɗuwar inji ko ɗaya a cikinsa. Da na tambayi dattijon da ke kula da injin, sai ya ce: "Injiniya, ai waɗannan ba mu muka kashe ba, wuta ce ta ɗauke." Na ce masa: "Baba, su ne fa nake nema." Fiffike bai san wanda ya kashe inji ba, kuma faɗuwa ta farat ɗaya ta fi kashewa ta tsanaki cin kwanansa nesa ba kusa ba. Kamfanin General Electric, a jagorar kula da manyan injinansa na gas, yana lissafa faɗuwa ɗaya daga cikakken lodi daidai da tashi takwas. Idan littafi bai cika ba, a koma ga na'urar da ke adana bayanan injin, a kuma zauna da masu aikin dare, domin su ne suka fi tuna abin da ba a rubuta ba.

Mataki na biyu shi ne lissafin matsin da juyawa take ɗora wa gindin fiffike. Matsi a nan yana nufin ƙarfin da ke jan kowane yanki na cikin ƙarfen, kuma da megafaskal ake auna shi. Yayin da faifan da aka dasa fukafukai a jikinsa yake juyawa, fiffike yana neman ficewa waje kamar dutse a cikin majajjawa, gindinsa ne kaɗai yake riƙe da shi. Ga fiffiken da kaurinsa ɗaya ne daga gindi zuwa baki, lissafin mai sauƙi ne. A fara da mayar da gudun zuwa radiyan a daƙiƙa, wato ma'aunin saurin juyawa, wanda ga 3,000 a minti yake ba da 314, a ninka shi da kansa, a sami kusan 98,700. Sai a auna nisan gindi da nisan baki daga tsakiyar shaf, wato sandar da ke ɗauke da faifan, a ce mita 0.5 da mita 0.8, a ninka kowanne da kansa, a debe ƙaramin daga babban, wato 0.25 daga 0.64, saura 0.39, a raba biyu ya zama 0.195. A ƙarshe a ninka waɗannan biyu da nauyin ƙarfen, kilo 7,800 a kowace kubik mita, amsar ta fito kusan megafaskal 150. Fiffiken gaske yakan sirance zuwa baki, saboda haka matsinsa yakan gaza wannan, amma a wurin haƙoran gindi, inda yake shiga ramin faifai, lanƙwasar ƙarfen tana tara matsi wuri ɗaya har ya ninka sau biyu ko uku. Mu ɗauki sau biyu, mu riƙe 300, tare da sanin cewa mun tsananta kaɗan, kuma tsanantawa a wannan wuri ba laifi ba ne. Abin lura shi ne gudun ana ninka shi da kansa, don haka ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana ƙara matsi da kashi 21. Turawar tururi ma tana lanƙwasa fiffike, sai a ƙara nata idan an san ta. Wanda yake da manhajar kwamfuta mai yanka siffar fiffike gutsi-gutsi tana lissafa kowane gutsure zai sami amsa mafi daidai, amma ya fara yin wannan lissafi da hannu, domin idan amsar kwamfuta ta yi nisa da shi, akwai abin da aka shigar ba daidai ba.

Daga nan sai a tambayi nawa ne ya rage wa ƙarfen na jure jijjiga bayan juyawa ta ci nata rabon. Wannan shi ne mataki na uku, kuma da ƙa'idar Goodman ta 1899 ake yin sa. A ce takarda ta nuna ƙarfen yana tsinkewa a megafaskal 750. Ga irin wannan ƙarfe, matsin da zai iya jurewa yana zuwa yana komawa ba tare da ya gaji ba kusan rabin hakan ne, wato 375, amma wannan na ƙaramin samfuri ne da aka goge sumul a ɗakin gwaji. Fiffiken da ke cikin inji yana da kaushi, yana da girma, yana cikin tururi mai danshi, saboda haka mu rage shi zuwa 190. Sai a raba 300 da 750, a sami 0.4, a debe daga 1, saura 0.6, a ninka da 190. Amsar ita ce 114, kuma shi ne iyakar matsin jijjigar da gindin zai ɗauka. Mai hankali ba ya barin inji ya kusanci wannan iyaka, yakan tsaya a wajen rabinta. Idan kuwa ruwan tukunyar tururi ba shi da tsabta, kamar inda ake zuba ruwan rijiyar burtsatse ba tare da an cire masa gishiri yadda ya kamata ba, sinadarin kuloraid yakan taru a fukafukan layukan ƙarshe inda tururi yake fara zama raɓa, ya haƙa ramukan tsatsa kamar bakin allura. Kowane rami mafarin tsaga ne. A irin wannan hali 190 ɗin yana iya komawa 100, iyakar ta sauko 60, kuma gaskiyar magana ita ce ƙarfen da tsatsa take ci ba shi da wani matsin da zai jure har abada.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi so mai karatu ya daɗe a kansa, domin a nan fukafukai suke mutuwar gaggawa. Kowane fiffike yana da muryarsa, kamar yadda kowace ƙwarya take da amonta idan an ƙwanƙwasa ta. Idan abin da ke bugunsa a cikin inji yana zuwa daidai da wannan murya, jijjigar takan riƙa haɓaka har ta ninka sau da yawa. Abubuwan da ke bugun fiffike iri biyu ne. Akwai gudun injin kansa da ninke-ninkensa, wato 50, 100, 150, 200 a daƙiƙa, haka har sama. Akwai kuma tsayayyun fukafukan da ke gabansa masu saita tururi, waɗanda yake giftawa ɗaya bayan ɗaya. Idan guda 40 ne, yana shan bugu sau 2,000 a daƙiƙa. Ana gano muryar fiffike ta hanyar manna masa na'urar auna jijjiga yana ɗaure tamau a gurbinsa, a buge shi da ƙaramar gudumar gwaji, a karanta abin da na'urar ta nuna, a maimaita a kan fukafukai da dama saboda ba su zama daidai da juna. Sai a gyara alƙaluman, domin juyawa tana ƙara wa fiffike tauri ta ɗaga muryarsa, zafi kuma yana sassauta shi ya saukar da ita. Daga nan a zana jadawalin da Wilfred Campbell ya fito da shi a 1924: gudun inji a kwance, yawan kaɗawa a tsaye, a ja layin muryar fiffike, a ja layukan ninke-ninken gudu suna tasowa daga kusurwa. Duk inda layuka biyu suka gitta juna wuri ne na haɗari, kuma ba a son ya faɗo kusa da gudun aiki.

A ce bayan gyara mun sami muryar farko a 190. Ninki na huɗu na gudun aiki 200 ne, tazarar kashi 5 cikin 100 ke nan, wadda ake iya zama da ita muddin inji yana kan 50. To amma injin da ke haɗe da layin wutar ƙasa gudun layin yake bi, kuma duk wanda yake aiki da wutar da ke fitowa daga tashar rarraba wuta ta Kumbotso ya san ba kullum take tsayawa wuri ɗaya ba. Idan layin ya sauko 48, ninki na huɗu ya zama 192, fiffike ya shiga bakin rami. A kan kaɗawa 190 a daƙiƙa, zagaye miliyan 10 ba ya ɗaukar awa 15 cikakku. Wannan ne dalilin da masu ƙera injina suke ƙayyade jimillar lokacin da aka yarda inji ya yi a wajen gudunsa a tsawon rayuwarsa, kuma lokacin taruwa yake yi, hutun da inji ya samu a tsakani ba ya goge shi. Haka nan a lokacin tashin inji, kada a tsaya ɗumama shi a kan gudun da jadawalin ya nuna akwai gittawa, a wuce wurin da sauri.

Mataki na biyar na masu injin gas da tobo ne, mai injin tururi mara tsananin zafi yana iya tsallake shi. Ƙarfen da ake ja cikin zafi mai yawa yakan riƙa miƙewa sannu a hankali ko da matsin bai canza ba, har bakin fiffike ya fara gogar murfi. Ana ƙiyasta wannan da ƙa'idar Larson da Miller ta 1952: a mayar da zafin ƙarfen zuwa ma'aunin Kelbin, a ninka shi da jimillar 20 da logaridim na awanni, wato abin da maɓallin log na kalkuleta yake bayarwa, kuma amsar ba ta canzawa muddin matsin bai canza ba. Fiffiken da zai yi awa 30,000 a digiri 850 na Salshiyas, wato 1,123 a Kelbin, amsarsa kusan 27,490 ce. Idan zafin ya hau 865, a raba 27,490 da 1,138, a debe 20, a juya logaridim ɗin, sai a ga awannin sun koma wajen 14,300. Digiri 15 kacal sun cinye fiye da rabin kwanansa. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin gas an auna shi ne a iska mai digiri 15, mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40, saboda haka inji ba zai ba da abin da aka rubuta ba, kuma matsa masa ya bayar daga kwanan fiffike ake biya. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana toshe filta, tana cinye bakin fukafukan kwamfireso mai matse iskar da ke shiga inji, tana kuma cushe ƙananan ramukan da iska take bi ta sanyaya fiffike. A janareta ma haka ne, filta mai datti tana ɗaga zafin hayaƙin da ke shiga tobo.

A mataki na shida sai a haɗa komai wuri ɗaya da ƙa'idar da Palmgren ya kawo a 1924, Miner kuma ya yaɗa ta a 1945. Ga kowane irin wahala da fiffike ya sha, a raba adadin da ya riga ya sha da adadin da jadawalin ƙarfen ko takardar masu ƙerawa ta ce zai iya jurewa, a tara sakamakon. A ce injinmu ya yi shekara 8. An tashe shi sau 1,200 cikin 10,000 da zai jure, wato 0.12. Ya faɗi da lodi sau 150 cikin 1,500, wato 0.10. An gwada shi a gudun da ya wuce ƙa'ida sau 20 cikin 500, wato 0.04. Ya kuma yi jimillar awa 3 a ƙasa da gudunsa cikin awa 10 da aka yarje masa, wato 0.30. Jimilla 0.56, kuma ya kamata a lura cewa awa ukun nan sun fi tashi 1,200 da faɗuwa 150 ɓarna idan an haɗa su. A ƙa'ida fiffike yana karyewa ne idan jimillar ta kai 1, amma gwaje-gwaje sun nuna wani yakan karye tun kafin nan, wani kuma ya wuce, domin ƙa'idar ba ta kula da wace wahala ce ta riga wata zuwa ba. A ganina a tsaya a 0.7. Injin yana cin 0.07 a shekara, saura 0.14, wato shekara biyu idan aka ci gaba da tafiyar da shi yadda ake yi. Idan aka saita na'urar kariya ta riƙa raba shi da layin ƙasa da zarar gudu ya fara sauka, kason nan mafi girma zai daina ƙaruwa, shekarun su miƙe.

Lissafi ba ya maye gurbin dubawa, shi ya sa mataki na bakwai yake komawa kan ƙarfen kansa. Tsakanin manyan gyare-gyare ana iya zura kyamara mai siririyar igiya ta ramukan dubawa a leƙa fukafukai ba tare da an buɗe inji ba. Idan an buɗe, a rubuta lambar kowane fiffike da gurbinsa, a ɗauki hoton dattin da ya manne a kankare kaɗan a ajiye don gwaji kafin a wanke. Bayan wankewa a shafa jan ruwan gwaji mai ratsa tsaga, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa, a goge da tsumma ba tare da an fesa ruwan wanki kai tsaye a wurin ba, sannan a fesa farin hodar. Tsaga takan fito kamar jan zare a kan farin yadi. Gwajin maganaɗisu yana aiki a kan ƙarfe mai kuromiyam 12, amma ba ya aiki a kan titaniyam ko haɗin nikel. Gindin da ke ɓoye cikin faifai kuwa sai na'urar sauti mai ratsa ƙarfe. A ranar 17 ga Afrilu 2018 fiffiken fankar injin wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Southwest ya karye daga gindi a sararin samaniyar Amurka saboda tsagar gajiya, fasinja ɗaya ta rasu, kuma bayan nan ne aka wajabta duba gindin fukafukan irin wannan inji da na'urar sauti. Wuraren da za a fi zuba wa ido su ne haƙorin farko na gindi, da lanƙwasar da ke haɗa gindi da jiki, da ramin wayar da ke ɗaure fukafukai, da siririn gefen baya.

Tazarar da za a bari tsakanin dubawa da dubawa ana fitar da ita ne daga ƙa'idar Paris ta farkon shekarun 1960, wadda take nuna saurin girman tsaga. Ga yawancin ƙarafa, idan matsin ya ninka biyu saurin yakan ninka wajen takwas, haka kuma idan tsawon tsagar ya ninka huɗu. Saboda haka a ɗauka cewa akwai tsaga daidai girman mafi ƙanƙantar da na'urarka take iya gani, a lissafa zagayen da za ta ɗauka kafin ta kai girman karyewa, a sa dubawa ta gaba kafin rabin wannan lokaci. Wannan lissafi na tsagar da ba a gani ba ne. Wadda aka gani a gindi ba a yi mata lissafi, cire fiffiken ake yi, kuma ba a kai shi wurin mai walda, komai ƙwarewarsa.

Wajen sauyawa a auna nauyin sabon fiffike da yadda nauyin ya rarrabu a tsawonsa, a daidaita shi da wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen faifan, a sake daidaita rota, wato shaf da faifai da fukafukansa, gaba ɗaya kafin a rufe inji. Idan kuma fiffike ya riga ya karye, a tsince gutsattsarin duka, kada a wanke su, kada kuma a haɗa fuskokin karayar biyu don a ga ko sun dace, domin gogar tana share shaidar. A duba fuskar da gilashin ƙara girma a ƙarƙashin fitila mai haske daga gefe. Karayar gajiya tana da sashe mai santsi da layuka masu lanƙwasa kamar waɗanda ruwa yake bari a yashin bakin kogi idan ya janye, sannan da sashe mai kaushi inda ragowar ƙarfen ya ɓalle a tashi ɗaya. A bi layukan a koma baya zuwa inda suka tattaru, a nan tsagar ta fara. Idan ramin tsatsa aka tarar a koma kan ruwan tukunya, idan tabon duka ne a binciki abin da ya shigo cikin inji, idan kuwa wurin sumul yake kuma fukafukai da yawa na layi ɗaya sun tsage a wuri iri ɗaya, a sake ɗauko jadawalin Campbell a duba gudun da injin ya riƙa zama a kai. A naɗe gutsattsarin a busasshiyar takarda, a rubuta lambar layi da ta gurbi da kwanan wata, a aika su ɗakin gwajin ƙarafa tare da samfurin dattin da aka kankare da kwafin littafin aiki.